Safar da Ban Sa Ba

Litinin, da hantsi

"Kalli sama, ba ni na ce ki kalla ba," in ji Sista, ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsa kamar mai duba kifi a kasuwa. "Fari fat. Ko sauro ya cije ki asara ya yi."

Sista matar Yaya ce. Nas ce a sashen awon ciki, ta daɗe a can, don haka duk macen da ta zauna a gabanta mai ciki ce sai in ta kawo hujja. Na haye arba'in, ba ni da miji, amma sai da ta kalli cikina kafin ta kalli fuskata.

Ta zazzage jakarta a kan gadona, ta ware mini wasu ƙananan ƙwayoyi rawaya. "Folik ne, maganin ƙarin jini. Ɗaya kullum. Matan da ake kawo mana ranga-ranga da shi suke miƙewa."

Na ce ko in fara zuwa a gwada jinin.

"A gwada me? Ga ido ina gani. Ko sai mai digiri irin naki ya faɗa za ki yarda?"

Umma tana zaune a bakin gado. Ta ce, "Karɓi, Auta. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Albarkar ba tawa ba ce.

Sai ga Yaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, yana kaɗa makullin ofishina a yatsa. "Farfesa, ki huta abinki. Makaranta na hannuna har ki warware."

Baba ne ya gina makarantar, sakandare ce, katangarta ɗaya da gidan nan. Da ya rasu aka raba aiki: Yaya darakta, watau shi ke gaisawa da iyaye, ni shugaba, watau ni ke aikin. Ranar Juma'a na faɗi a kan matattakalar ɗakin malamai, ina fitowa daga taro, a gaban kowa. Shi ya sa nake kwance, shi ya sa makulli yake wurinsa.

Tarihi na karanta a jami'a. Na san juyin mulki in na gan shi. Da safe ake yinsa, cikin ladabi, kuma kullum don lafiyar wanda aka tumɓuke.

Maganar taron ba zan rubuta ta ba.

Talata, da rana

Daga ɗaki zuwa banɗaki ina haki kamar na yi tsere. Harshena ya yi ja, ya yi sumul kamar an bi shi da dutsen guga, shayi ko ya huce ƙona ni yake. Ƙafafuna kuwa ji nake kamar na sa safa mai kauri. Har sunkuyawa na yi in cire ta. Babu safa.

Na gaya wa Sista maganar safar. Ta ce rashin jini ne, in sha maganina. Na gaya mata maganar harshe. Rashin jini ne. Fankar ɗakina ma ta lalace, amma ban gaya mata ba, na san amsar.

Alhamis, da safe

Tagata tana kallon filin taron ɗalibai. Yaya ya yi musu jawabi yau a kan gaskiya da riƙon amana. Ya yi kyau. Ni na rubuta shi bara.

Asabar, bayan la'asar

Na ce bari in fita in sha iska. Na ja mota a hankali zuwa bakin get, na taka birki, ko dai na zaci na taka. Ƙafar ba ta gaya mini komai ba. Get ɗin ne ya gaya mini.

Fitila ɗaya ta fashe. Yaya ya fito, ya zagaya motar, ya shafa wurin kamar mai jajanta mata, sannan ya miƙo mini hannu. Na ɗauka tashi zai taya ni. Makulli yake so.

"Wannan ma kafin in warware?" na tambaye shi.

"Ke komai sai kin sa masa baƙar magana."

Yanzu makullai biyu yake kaɗawa. Idan na ci gaba da rashin lafiya zai koma mai gadi.

Litinin, da yamma

An wanke allon ɗakin jarrabawa da ruwa da sabulu. Daga nan nake hango shi ta taga, baƙi wuluk yana sheƙi. Duk zamana a makarantar nan ban taɓa ganin an yi wa allo wanka ba.

Na ce ba zan rubuta ba. Allo kawai na ambata.

Laraba

Ɗaya kullum.

Lahadi, da hantsi

Kwanaki ban taɓa littafin nan ba. Biro yana zamewa daga yatsuna, rubutun ya koma irin wanda nake ja wa yara layi a ƙarƙashinsa da jan biro. Safar ta kai gwiwa, yanzu kuma ta aiko ƙanwarta hannu. Maɓallin riga sai na kalle shi nake iya ɓalle shi.

Abin haushi, hakin ya ragu. Fuskata ta ɗan yi kyan gani. Umma ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta ce, "Kin gani ko? Da an biye miki da har yanzu kina layin gwaji."

Wajen wanke fuska nake shan wahala. Da zarar na rufe ido ɗakin sai ya karkata, in kama famfo. Na koyi wanke fuska ido buɗe, sabulu na shiga, ina hawaye. Umma ta gan ni da jan ido, ta ce, "Haka ake so, zuciya ta fara laushi." Na ƙyale ta da ladarta.

Talata, da azahar

Sista ta ɗebi jinina jiya ta kai wurin aikinsu. Yau ta dawo da sakamako tana ɗaga shi sama tun daga tsakar gida kamar ta ci kofi.

"Jini ya hau. Ya kusa cika. Wa ya ce sai likita?"

Muna kan tebur, har da Yaya. Na ce ƙafafun fa.

"Jini ya hau," ta sake faɗa, a hankali, yadda ake yi wa kurma.

Yaya ya ajiye cokali. Ya yi irin fuskar da yake yi wa iyayen da 'ya'yansu suka faɗi, ta tausayi mai ɗauke da labari mara daɗi. "To in jini ya cika, kuma har yanzu ana faɗuwa, ana mantuwa, ana faɗa da mutane, ai sai a duba wani wajen."

"Wane wajen, Yaya?"

Ya ɗan taɓa gefen hularsa, wai gyara ta yake.

Umma ta ce, "Aiki ne ya yi mata yawa. Mace ita kaɗai, ba miji ba ɗa, sai littattafai."

Na tashi in bar musu teburin cikin izza. Izzar ta kai ni har bakin ƙofa, daga nan bango ya karɓe ta.

Laraba, da safe

Na manta sunan mai shara. Shekaru tana share ofishina. Na tsaya ina kallonta ta taga, sunan na nan a bayan harshena kamar ƙayar kifi, ya ƙi fitowa.

Wannan kam ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, da yamma

Lauya ta zo. Ƙawata ce tun ɗakin kwanan jami'a. Ba ta taɓa taka kotu ba, a banki take aiki, bakinta ne ya jawo mata sunan. Ta gaishe da Umma har ƙasa, ta gaishe da Sista daga tsaye, ta shigo ta rufe ƙofa.

"Tashi ki zo nan," ta ce.

Na taso. Ta kalli ƙafafuna har na iso.

"Tun yaushe kike tafiya kamar mai tsallaka rafi a kan gungume?"

"Jini ya hau," na ce mata.

"Ya hau ina? Sa mayafinki gobe da safe. In wani ya tambaya, kasuwa za mu."

"Ni ba yarinya ba ce da zan yi ƙarya in fita."

"To ki faɗi gaskiya su hana ki. Ai kin saba."

Ta ji labarin taron, ashe. Ta ce a layin banki ta ji, daga bakin wata uwa. Ban tambaye ta me aka ce na ce ba.

Asabar, bayan azahar

Likitan da Lauya ta kai ni wurinsa dattijo ne, gajere, bai da fara'a ko ta kwabo. Na so shi nan take. Bai ce mini sannu ba, bai tambayi mijina ba.

Ya sa na fito da harshe. Ya sa na haɗa ƙafafu na tsaya, ya ce in rufe ido. Lauya ce ta tare ni. Sai ya ɗauko wani ƙarfe mai yatsu biyu, ya buga shi a gwiwarsa yana rawa, ya ɗora mini a goshi. Na ji shi har haƙora. Ya sake bugawa ya ɗora a idon sawuna.

"Kina ji?"

"Ka ɗora ne?"

Ya koma kujera. Ina cin nama, ƙwai, madara? Ina ci. Ciwon suga? Babu. An taɓa yi mini aiki a ciki? A'a. Wane magani nake sha?

Na ce na olsa, kullum da safe, tun rasuwar Baba.

"Wa ya rubuta miki?"

"Mai kemis."

"Shi zai ce ki daina, kenan." Bai ɗago ba. "Sai me?"

Na ciro ƙananan rawayan daga jaka. Nan ya ajiye biro. Ya tambayi wanda ya ba ni da tsawon lokacin da na yi ina sha, na faɗa.

Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda na riƙe. Jiki yana bukatar bitamin iri biyu don ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, folik da B12. In ɗaya ya yi ƙaranci, ƙwayoyin suna fitowa manya-manya, 'yan kaɗan, ba ƙwari, mutum ya yi fari ya dinga haki. A ido rashin jinin iri ɗaya ne. Amma jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa ba ruwansu da folik, B12 suka sani. Ana samunsa a nama da kifi da ƙwai da madara, sai dai ci daban, ciki ya tsotse shi daban. Wani maganin olsa ne ke hana shi in an daɗe ana sha, wani na suga, wani kuma cikinsa ne da kansa ya daina karɓa. In mai ƙarancin B12 ya sha folik, jinin zai gyaru, kowa ya yi murna, jijiyoyin kuma su ci gaba da lalacewa ba mai kula.

"Fenti aka yi wa bango," ya ce, "gara na ciki."

Na ce na san aikin, muna yinsa duk lokacin da masu duba makarantu za su zo. Bai yi dariya ba. Lauya ta yi.

Aka ɗebi jini don a auna bitamin ɗin kansa, da wani gwajin na ciki. Ya ce ba zai jira sakamako ba, yau za a fara allura. Kwana ɗaya a yi, kwana ɗaya a huta, har ƙafafun su daina ci gaba da dawowa, daga nan sai jefi-jefi.

"Za su dawo duka?"

"Jini zai dawo duka. Jijiya ba ta son a makara. Wani abin zai dawo, wani sai mun gani."

"Da na zo tun ranar da na faɗi fa?"

"Da kin fi haka." Ya riga ya kira na gaba.

Ruwan allurar ja ne, kyakkyawa, kamar abin sha na yara.

Lahadi, da rana

Ban ƙara gishiri ba. Yadda likita ya faɗa haka na maimaita, a falo, a gaban Umma da Yaya. Ban kalli Sista ba sai da na gama.

Na yarda ba ta sani ba. A wurin aikinta ƙwayar nan rai take ceta, kullum, tun kafin in gama jami'a.

"Ni taimako na yi," ta ce.

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki zo kin tsinka ni gaban uwar mijina ba."

Umma ta ce, "Auta, ki ba ta haƙuri."

Na tambaya ko ƙafar dama ce za ta ba da haƙurin ko ta hagu. Umma ta tashi ta shige ɗaki.

Allurar gobe Sista ce za ta yi, tunda ba ni da mota kuma ita ce nas. Allah mai iko.

Litinin, da safe

Sista ta yi mini allurar. Hannunta da sauƙi, ban ma ji shigarta ba. Na so a ce da zafi.

Alhamis, bayan magariba

Sista ta samo mafita. Kwana biyu tana duƙe a kan waya, yau ta zo tebur fuska a sake, ta ce tana so ta karanta mana wani abu don kowa ya fahimci ciwon Auta.

Ta karanta. Kasala, haki, ciwon harshe, mutuwar ƙafa. Ta rage murya a nan, ta ja kalmomin. Mantuwa. Saurin fushi. Zargin mutane. Ruɗewa. In ya yi tsanani, har mutum ya ga abin da babu.

Na ga lokacin da maganar ta isa kan Yaya. Fuskarsa ta washe kamar an kawo wuta.

"Allahu akbar," ya ce. "Ashe ciwo ne. Ni fa na ce wannan ba ƙanwata ba ce."

"Ba laifinta ba ne," in ji Sista, da tausayi na gaske. "Bitamin ne."

Umma ta share hawaye. Ta ce dama ita jikinta ya ba ta.

Makon jiya jinina lafiya lau, don haka kaina ne ya taɓu. Wannan makon jinina ba lafiya, don haka kaina ne ya taɓu. Duk hanyar da aka bi gida ɗaya take kaiwa.

Na ci gaba da cin abincina. In na yi fushi, yana cikin jerin.

Asabar, da hantsi

Malamin lissafi ya zo duba ni da lemo a leda. Ya zauna a bakin kujera, gwiwoyi a haɗe, gumi na bin wuyan rigarsa. Ni na ɗauke shi aiki. Yana da kai, yana da 'ya'ya huɗu.

"Ranki ya daɗe, ya jiki? Wallahi ranar ma na ce wa malamai ba ki da lafiya. Kin leƙo ɗakin jarrabawa fuskarki fari fat. Misali nake yi wa yara a allo na yadda za su cike lambarsu, shi ke nan."

"Lamba mai tsawo ce," na ce. "Har da zanen kusurwa."

Ya kalli lemon kamar zai taimake shi.

"Mai sa idon da hukumar jarrabawa ta turo fa, yana ina lokacin?"

"Ya ɗan shiga ofishin Darakta shan ruwa."

"Ya sha da yawa."

Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita da baya. A bakin ƙofa ya juyo, ya ce an ce hukumar ta ji ƙishin-ƙishin, za su turo mutum ya yi tambayoyi. Bai ce don Allah ba. Idonsa ya ce.

To, ga shi na rubuta. Kusan.

Lahadi

In kuma ban gani ba fa?

Litinin, da yamma

Na manta sunan mai shara. Na zaci na taka birki. Na sunkuya in cire safar da ban sa ba. Mace mai irin wannan tarihin, in ta zo mini da shaida, ni kaina sai na nemi ta biyu.

Na rufe ido ina ƙoƙarin ganin allon. Ina ganinsa. Amsoshi ne, lamba ta ɗaya zuwa ƙasa, da rubutunsa mai kwanciya dama, kawunan yara na ɗagowa suna sunkuyawa tare kamar kaji a kan tsaba. Amma safar ma ina jin ta.

Likita ya kira. B12 ɗina ya kusa ƙarewa ƙaf, kuma cikin ne da kansa ya daina karɓa, maganin olsa ƙari kawai ya yi. Allura har ƙarshen rai. Na tambaye shi maganar gane-gane. Ya ce yana faruwa, ba kasafai ba, kuma bai ga alamarsa a wurina ba, amma shi ba ya wurin. Mutumin nan ko ƙarya ta ladabi bai iya ba.

Laraba, da safe

Na ɓalle maɓalli ban kalla ba. Harshe ya daina ƙuna, na sha shayi da zafinsa. Yatsun hannu sun dawo gida. Safar ta sauko daga gwiwa zuwa ƙwauri, can ta tsaya tana shawara.

Kowa na jira in yi laushi. Sista tana leƙa fuskata bayan kowace allura kamar mai jiran ruwa ya tafasa. Ni ma na jira, tsakani da Allah. Na ce wataƙila in bitamin ya cika zan farka in ga Yaya mutumin kirki ne.

Ya kusa cika.

Alhamis, bayan la'asar

Umma ta shigo da man zafi ta ce in miƙo ƙafa. Ta zauna a ƙasa, da tsufanta, ta ɗora ƙafata a cinyarta tana murzawa. Ina ganin hannunta, ina jin rabinsa.

"Mutumin hukumar ranar Asabar zai zo," ta ce. "Yayanki ya tara malamai da wakilan iyaye. Kalma biyu ce, Auta. Ki ce ba ki da lafiya lokacin, ga takardar likita. A ba ki makullinki, kowa ya huta."

"Umma, ke ma kin yarda ban gani ba?"

Ba ta daina murzawa ba. "Ni ban ce ba ki gani ba. Na ce ki ce ba ki gani ba."

Aka kaɗa ƙararrawar tashi a makaranta.

"Ubanku da hannunsa ya ɗauki bulo a wurin nan," ta ce. "In aka soke jarrabawar yaran mutane, wa zai sake kawo ɗansa? Kuma har da waɗanda ba su kwafa ba za a haɗa. Su me suka yi miki?"

Ba su yi mini komai ba. Wannan ce tambayar da ba ni da baƙar maganar da zan mayar mata.

Amma na gode mata a raina, ashe dai na gani. Duk cikin masu jinyata ita kaɗai ta ba ni maganin da ya yi aiki nan take.

Juma'a, da safe

Yaya da kansa, har cikin ɗaki, har da zama. Ya ajiye makullan biyu a kan tebur tsakaninmu.

"Farfesa, mu bar wasa. Wace makaranta ce ba ta yi? Ke kin san iyayen nan sakamako suke saya, ba tarihi ba. Shekara ɗaya mu faɗi, sun kwashe yaransu."

"Ashe ba bitamin ba ne."

"Bitamin ɗin rufin asiri ne Allah ya kawo mana. Ke ba ki yi ƙarya ba, ciwo ne. Ni ban yi laifi ba, ba a gani ba. Wa aka cuta?"

"In na faɗa gobe, jibi in na kama yaro da takarda a aljihu, me zai ce mini?"

"Me zai ce?"

"Malama, kin sha allurarki?"

Ya kusa dariya. Da muna yara shi ke fara dariya in na yi magana, kafin a kore mu daga falo tare. Ya haɗiye ta, ya miƙe.

"In ba za ki faɗa ba, kar ki shigo taron. Kuma ban ga yadda za a yi ki koma ofishin ba."

"Na gane."

Ya kwashi makullan. Ya ajiye na motar, ya tuna ba na iya tuƙi, ya sake ɗauka.

Asabar, da azahar, a gidan Lauya

Tun da safe ake jera kujeru a filin makaranta. Na ji ana gwada lasifika, ɗaya biyu, ɗaya biyu. Na haɗa akwati ɗaya da kwalin littattafai. Lauya ta ce ɗakin baƙinta yana nan, kuma akwai asibiti a bayan layinsu, in dai zan iya jure surutunta. Ta yi hon a waje.

Umma ba ta fito ba. Na durƙusa a bakin ƙofarta na ce na tafi. Tashi ya fi durƙuson wuya, na kama ƙyaure. Daga ciki ta ce, "Kin kyauta." Can kuma, da na juya, "Ki dinga cin hanta."

Yaya yana tsakar gida cikin babbar riga, ya sha turare. Ya kalli akwatin.

"Me zan ce wa mutumin in ya tambaye ki?"

"Ka ba shi lambata. Ni ba zan neme shi ba. In ya neme ni, zan amsa abin da ya tambaya."

"Za ki rusa gidan ubanki."

"Ka ce masa ba ni da lafiya, Yaya. Gaskiya ce. Sai ya zaɓa."

Ya wuce ta ƙaramar ƙofar makaranta bai waiwayo ba.

Sista ce ta biyo ni zaure, da rigar aiki, da wani ƙaramin kwali naɗe a tawul. Sauran alluran ne. Ta tura shi cikin jakata da kanta, ta ja zif.

"Kar ki bar su a rana, haske na ɓata su. Ta jibi da safe ce, kar ki tsallake. Ki ce su canja gefe, na dama ya sha da yawa."

"To."

"Kuma ba don ke na yi ba."

"Na sani."

"Kullum kin sani," ta ce.

Akwai 'yar matattakala a bakin zauren. Na tsaya na dube ta, na sa ƙafar hagu, na jira har ƙasa ta amsa, can nesa, kamar ta cikin katifa. Na sa ta dama. A bayan katanga lasifika ta ɗauka, Yaya yana yi wa manyan baƙi barka da zuwa.

Sista tana riƙe da ƙofar, tana jira ko zan ce wani abu. Na karɓe ta daga hannunta na ja, har sai da na ji sakata ta faɗa.